An Ce a Zo da Uwarsa

Tun ranar da na dawo daga Yamai ban samu sakewa ba. In na fita ɗibar ruwa, tambaya. In na je barka, tambaya. Wata ta ce wai da gaske ne mata can suna tuƙa babur da kansu? Wata ta ce wai burodinsu ya kai taɓarya tsawo? Ina ba kowa amsa daidai gwargwado, amma na san ba wannan kuke son ji ba. Akwai tambaya guda da kuke zagayawa kamar akuya a turke, ba wadda ta iya fito da ita. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce in rubuta duka sau ɗaya, in tashi in karanta muku da bakina ranar Laraba, kowa ta ji, a bar ni in huta. To ga shi. Wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri, da girma na koyi alƙalami.

Wanda na je dominsa ɗan farina ne. Kun san yadda muke da ɗan fari a nan Gwashi. Ban taɓa kiran sunansa ba. In ya yi kuka gaban mutane ba na ɗaukarsa sai an miƙo mini, in ba shi nono ina kallon bango. Da aka yaye shi, yayar maigidana, Goggo Hajo, ta zo daga Gummi ta goya shi ta tafi, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannunta ya yi wayo. Ita yake ce wa Inna. Ni kuwa Innar Gwashi, kamar yadda ake cewa kasuwar Gwashi. In zan yi maganarsa sai in ce "na Goggo." Shekara ashirin da shida muna haka, ba wanda ya ga aibu, har da ni.

Da aikin haƙa ya taso. Ya fara da rijiyoyi a Gummi, daga baya ya bi samarin wajen Anka neman zinari. Da suka ji labarin wani wuri can gaba da Yamai a ƙasar Nijar, suka ƙulle kaya shi da abokinsa Garba, mutumin Abare. Wata bakwai da tafiyarsu saƙo ya zo. Lokacin ba a daɗe da kawo wayar salula Bukkuyum ba, sai wurin masu shago ake samunta. Garba ya buga wa mai shago, mai shago ya gaya wa ɗan kabu-kabu, ɗan kabu-kabu ya iske maigida a gona. Wai sun tada injin janye ruwa cikin rami, hayaƙi ya cika ramin, aka fito da shi ba ya numfashi. An samu numfashin ya dawo, amma shi bai dawo ba. Yana babban asibiti a Yamai, kwana tara cikin doguwar suma. Likita ta ce a zo da uwarsa.

Maigida ya daɗe zaune gindin rumbu. Gero ya nuna, tsuntsu na ci, kuma shi ma ba zai iya tsayuwa kan ɗan fari yana hawaye gaban baƙi ba. Ya ce ƙaninsa Sani zai raka ni.

"Uwarshi anka ce," in ji shi, bai dube ni ba. "Ke kinka haife shi."

Da sanyin safiya muka hau babur biyu. Damina ba ta gama janyewa ba, sau uku ina sauka in tattare zani in ratsa ruwa a ƙasa. A ratsawa ta uku ƙullin garin kukar da na ɗauko ya faɗa ruwa, ya zama miya tun ba a kai ga tukunya ba. Sani ya ce, "Matarmu, ashe da girki za ki fara tun nan." Wasan ƙanin miji ne, yana so in yi dariya. Na yi masa don kada ya ji kunya. Daga Bukkuyum muka shiga ƙaramar bas, mu huɗu-huɗu a kujera da buhunan wake a ƙarƙashin ƙafa, sai bayan la'asar muka shiga Gummi.

Mun iske Goggo zaune kan tabarma bakin ɗakinta, kayanta a ɗaure kusa da ita, har ta sa takalmi. Gwiwoyinta sun kumbura kamar ƙwarya, da sanda take kaiwa banɗaki, amma ta shirya.

"Ku sha ruwa mu tahi," ta ce.

Sani ya durƙusa. "Yaya, uwa anka ce. Kin san aikin likitoci. Ƙila jini za su ɗiba su ƙara mishi, ko hannu za a sa ga takarda. Dole wadda ta haife shi."

"Jini?"

"Haka muke zato."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To in jini na, ban da shi." Ta sunkuya da ƙyar ta cire takalmin ta tura shi ƙarƙashin gado.

Da safe ta kwance kayanta ta zuba mini cikin nawa: kwalbar rubutu da ta karɓo wurin malami, ƙuli-ƙuli mai yaji, da tsohon zanin da ta goya shi da shi. Ta ce, "In ya farka kada ki ba shi kunun tsamiya, ba ya sha, amai shikai. Ba ki sani ba ko? Ina za ki sani." Na ƙulle kayan. Gaskiya ta faɗa, ban sani ba.

Daga Gummi zuwa Sakkwato ba wani abin labari, sai tayar da ta fashe mana sau ɗaya, da wani dattijo da ya kwashe rabin hanya yana faɗa da direba kan an aza masa buhu a kan kaji. Daga Sakkwato muka kama hanyar Illela. Nan ne bakin iyaka. Ni na ɗauka zan ga katanga ko kogi, ashe igiya ce kawai da ɗaki mai tuta. Wani ma'aikaci mutumin kudu, Hausarsa a karye, ya karɓi katin zaɓena yana juya shi. Sani ya ce za mu duba ɗanta a asibiti. Mutumin ya ɗaga masa hannu, wai ni yake tambaya.

"Mama, suna yaro?"

Na sunkuyar da kai. Ga layi a bayana, ga Sani a gefe.

"Kai uwa, ba ka sani suna yaro naka?"

Mata a bayana suka fara dariya ƙasa-ƙasa, don sun gane. Wata ta ce, "Ɗan fari ne, Yallaɓai, ka bar ta." Shi bai gane ba, ya fara haɗa fuska kamar ya kama maƙaryaciya. Sai na miƙa hannu na ce ya ara mini bironsa. Na rubuta sunan a bayan takardar motarmu, harafi shida. Ya karanta, ya dubi Sani, Sani ya gyaɗa kai. Ya ce mu wuce. Na tafi ina gode wa Allah da Ya sa na shiga aji, don na tsallake ban buɗe baki ba. Da na san abin da ke gabana da ban yi wannan murnar ba.

Ƙonni garin Hausawa ne kamar mu, sai dai suna tsoma Faransanci cikin magana kamar yadda muke sa daddawa. Nan Sani ya canza kuɗi, nan muka kwana a rumfar mata ta tashar mota, nan kuma na fara ganin burodin da kuke tambaya. Bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, kuma da taurinsa za a iya kora jaki. Sai an tsoma shi cikin shayi yake saurarawa. Motar Yamai babba ce, ba a cusa mutum kan mutum kamar tamu, wannan kam sun fi mu. Amma duk inda aka iske jandarmomi sai kowa ya sauka ya taka a ƙasa ya nuna takarda, har tsofaffi. Wata mai fataucin albasa da ke kusa da ni ta tambaye ni abin da zai kai ni. Da na gaya mata ta ce, "Ai uwa magani ce. Yana jin muryarki zai buɗe ido." Na ce Allah Ya sa. Ban gaya mata cewa in aka haɗa duk maganar da na taɓa yi da shi ba za ta cika yinin kasuwa guda ba.

Mun wuce Dogon Dutsi, mun wuce Doso, rana ta karkata muka shiga Yamai. E, mata na tuƙa babur, na gansu da idona, wata ma da goyo. Kogin da ya ratsa garin na da faɗi. Abin da na gani na garin ke nan, don daga tasha asibiti muka wuce, daga asibiti kuma tasha na koma.

Garba ya tarbe mu bakin ƙofa, ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Yana ganina ya zube ƙasa yana cewa, "Inna, ni ya kamata in sauka ramin ranar nan, shi ya ce in huta." Na ce ya tashi, kowa da ranarsa.

Masaukin masu jinya gindin itatuwa ne a filin asibiti. Kowa da tabarmarsa da murhunsa, famfo guda ake layi. Na shimfiɗa kusa da wata Bazabarma mai jinyar mijinta, sunanta Hamsatu. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci, amma ranar farko ta turo mini kwano: dambu ne da zogale da ƙuli-ƙuli, sun fi mu sa mai. Ni kuma na ba ta daddawar Gwashi, ta sansana ta ɗaga mini babban yatsa. Haka muka yi ta zama har na baro.

Shi kuwa yana ɗakin da ba a shiga da takalmi. An aske masa kai, an zura masa roba ta hanci da ake ba shi abinci, bakinsa a buɗe kaɗan, ƙirji na hawa na sauka. Jar ƙasar rami na nan cikin farcensa. Na tsaya wajen ƙafafunsa na rasa inda zan aza hannu. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Ramatu, Bahaushiyar Dogon Dutsi, ta ce, "Inna, ki taɓa shi mana, ai ɗanki na." Na taɓa ɗan yatsan ƙafarsa. Da ɗumi.

Washegari likitar ta zo. Bafaranshiya ce, gajera, gashinta ya yi fari. Ramatu ta ce wata biyu take yi a asibitin duk shekara, takan zo da wata na'ura da ke auna ko mai doguwar suma zai farka. A gida kun san yadda muke yi: a watsa ruwan sanyi, a mintsine shi, a yi hayaƙi, a zuba ido. Ita ma mintsini ne, sai dai nata da lantarki, kuma tana da abin ganin inda mintsinin ya tsaya. Ta manna masa wasu ƙananan maɓallai masu wayoyi, ɗaya kan kafaɗa, ɗaya a ƙeya, wasu a tsakar kai. Ta ɗaura wani abu a wuyan hannunsa na dama ta kunna.

Sai babban yatsansa ya motsa. Ya sake motsawa. Ya yi ta harbawa kamar mai jan carbi.

"Allahu akbar!" in ji Sani. "Shina motsi! Garba, ka gani?" Kafin a ce wani abu ya fice da gudu zuwa shagon waya da ke bakin ƙofar asibiti. Ni ma na dafa gado ina hamdala. Amma na lura likitar ba yatsan take kallo ba. Idonta na kan wani ɗan allo kamar ƙaramar talabijin, inda wasu layuka ke tafiya. Ta mayar da abin hannun hagu, yatsan hagu ma ya yi ta harbawa, ita dai fuskarta ba ta canza ba.

Da ta gama ta jawo kujera ta zaunar da ni, ta yi magana a hankali, Ramatu na fassara.

"Inna, motsin yatsan nan ba nashi ba na, na'ura ce ke jan jijiyar. Abin da ake dubawa shi ne ko saƙon ya kai ƙwaƙwalwa. Daga ina kunka taso?"

Na ce Gummi.

"To ki ɗauka mota ta tashi daga Gummi. Kin ga ɗan tudun ga bisa layin farko? Kafaɗa ke nan, an ga motar Sakkwato. Ga na biyu, ƙeya, an gan ta Ƙonni. Layi na ukku shi ne Yamai." Ta bi shi da yatsa. A miƙe yake kamar igiyar shanya. "Ba ta shigo ba. Ta dama ba ta shigo ba, ta hagu ba ta shigo ba. Kahin ku zo an gwada, yau an sake, duk ɗaya."

Na ce to mene ne ma'anarsa.

"Ta ce ga wanda iska ya yanke wa ƙwaƙwalwa kamar shi, in saƙo bai kai ba ta hannu biyu, da wuya ƙwarai a ga ya farka. Ba ta son ta yi miki ƙarya."

Daidai nan Sani ya dawo yana haki, fuska cike da fara'a. Ya riga ya buga Gummi da Bukkuyum ya ce yaro ya fara motsi. Daga baya na ji Goggo ta yanka zakaranta ta yi sadaka a ranar, a Gwashi ma har an yi guɗa. Wasu cikinku kun yi, ban ga laifinku ba.

Na ce wa Ramatu ta tambayi likitar, in haka ne me ya sa ta aika in zo, jinin fa? Ramatu ta ce wane jini? Ashe ba jini ba ne, ba sa hannu ba ne. Likitar ta ce akwai wata hanya guda da take son gwadawa kafin ta rufe magana, hanyar kunne. Wani lokaci mutum yana can ƙasa cikin suma, amma in aka kira sunansa da muryar da ya fi sani tun yana jariri, ƙwaƙwalwa takan ɗan zabura, na'ura ta gani. Shi ya sa ta ce a zo da uwarsa. Za ta ɗauki muryata ina kiran sunansa, ta sa masa a kunne.

Ta miƙo wani ɗan abin magana kusa da bakina. Ga Sani, ga Garba, ga wani namiji mai taya ta riƙe wayoyi. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ramatu ta dube ni, ta sake dubana, sai ta dafe ƙirji.

"Inna, ɗan fari na?"

Na gyaɗa kai.

"Wa ta raine shi?"

Na gaya mata.

"Wayyo Allah. Ni ce na ba Garba saƙon. Ta ce uwa, na ce uwa. Ni da na san gida, ban tambaya ba." Ta juya ta yi wa likitar dogon bayani da Faransanci. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin riga. Sannan ta ce, tunda na zo, ko zan iya gwadawa?

Na ce maza su fita. Suka fita.

To ga amsar tambayarku. Na faɗa. Na farko ya fito kamar raɗa, ta ce in ɗaga murya. Na biyu ya karye a tsakiya. Na uku na kira shi kamar yadda ake kiran yaro daga bakin gona ya zo ya ci tuwo. Ni kaina ban gane muryar ba. Ta sa masa abin ji a kunnuwa biyu ta kunna. Ɗakin shiru, har ina jin 'yar ƙarar da ke fitowa ta gefen abin: muryata ce ke kiransa, tana sakewa, tana sakewa, ba gajiya ba kunya. Cikin ɗan lokacin nan na'urar ta kira shi da bakina sau abin da ban ƙirga ba. Na tsaya ina kallon layin. Yanzu na san abin da ake nema, ɗan tudu kawai. Bai taso ba.

Likitar ta ce in ana iya samo muryar waccan uwar, za ta sake gwadawa. Amma ta ce kada in rataya zuciyata a kai, gwajin hannu ya fi nauyi a wurinta, kuma ya riga ya yi magana. Sani ya koma shagon waya. Ya warware labarin motsi, ya ce a kai wa Goggo rakoda ta kira sunan yaro cikin kaset, ta yi ta kira, a ba direban Sakkwato, shi ya ba na Ƙonni, shi ya ba na Yamai. Aka ce an yi, kaset ya taso.

Kwana huɗu muna jira. Kullum Garba na zuwa tasha ya dawo hannu wofi. Ni kuma ina zaune ina kore masa ƙuda, ina taya Ramatu juya shi. Ta bar ni na shafa masa rubutun Goggo a goshi da leɓe, na rufa masa tsohon zanin a ƙafa. Na yanke masa farce na fitar da jar ƙasar. In ba kowa kusa sai in kira shi. Abin da ya fi ƙarfina shekara ashirin da shida, ashe bai fi cire ƙaya wuya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Rana ta uku zazzaɓi ya kama shi, ƙirjinsa ya fara ƙara. Rana ta huɗu bayan la'asar numfashin ya tsaya ina riƙe da ƙafarsa. Mutanen masallacin unguwar suka taimaka, aka yi masa sutura, Sani da Garba suka bi shi makwancinsa. Ni na koma gindin itace na zauna. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gani, wannan ma jikina ya riƙe shi, ko da na so bai zo ba. Hamsatu ce ta kama hannuna ta yi ta rusa kuka da Zabarmanci a madadina, ita da ba ta taɓa ganin idonsa a buɗe ba.

Da za mu taso likitar ta ba ni takardar layukan nan uku, tana cikin akwatina. Ramatu ta raka ni har ƙofa tana neman gafara. Na ce na yafe, ba ita kaɗai ta ƙi tambaya ba.

A Ƙonni Sani ya ce bari ya bincika. Muka je teburin 'yan kamasho. Wani mai jar hula ya ja aljihun tebur ya fito da kaset naɗe cikin leda, da sunan yaron a jiki.

"Au, naku na? Kwana ukku shina nan. Ku ɗauke abinku, don Allah."

Sani ya ce me ya hana a wuce da shi?

"Direba ya ɗauka, har ya kai bayan gari. Ya zaci waƙa ce ya sa cikin mota. Sai ga tsohuwa tana kiran sunan mutum guda, tana kira, tana kira, ba wata magana. Fasinja sunka ce wannan kiranye na, asirin da ake yi a jawo mutum daga nesa ko yana so ko ba ya so. Wata ta ce in ba a fidda shi ba ita sauka za ta yi. Ya juyo ya aje muna. Tun daga nan ba direban da ya yarda ya taɓa shi." Ya duƙo ya rage murya. "Malam, tsakani da Allah, wa ake kira?"

Sani ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, na riƙe masa riga. Na ce, "Ba su yi ƙarya ba, kiran mutum ake daga nesa." Na karɓi kaset ɗin na sa cikin zanin goyon.

Ban san ko da ya isa da wani abu ya canza ba. Likitar ta ce da wuya, kuma na yarda da ita, ba ta ɓoye mini komai ba. Amma da wuya daban, babu daban. Tsakanin biyun nan nake kwana nake tashi.

Mun iske gidan Goggo cike da masu gaisuwa. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗaki sai ni. Na aje mata zanin. Ba ta taɓa shi ba.

"Ya ji ni?"

Na yi niyyar in ce ya ji. Tun daga Sakkwato nake shirya haka. Amma na buɗe zanin na nuna mata kaset ɗin da ledarsa. Na ce, "Bai kai ba, Goggo. Ƙonni ya tsaya."

Ta kalle shi. "Ke kin kira shi?"

"Na kira."

"Da sunanshi?"

"Da sunanshi."

"Bai amsa ba."

"A'a."

"Ina zai amsa, bai san muryar ba." Ta share ido da gefen kallabi. "Mi ya hana ki tun can? Ɗanki na hwa."

Na dubi ƙasa. Ranar da ya cika kwana arba'in, ina yi masa wasa cikin ɗaki, na ɗauka ba kowa, har na fara harafin farko na sunan. Wata ta ɗaga labule ta buge mini baki da bayan hannu, ta ce, "Ke ba ki da kunya? Gidanmu ba a haka." Goggo ce. Ta manta. Ban tuna mata ba, tsohuwa ce, kuma ita ma haka aka koya mata. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri, ta ce amin, na tashi na ɗora mata ruwan alwala.

Tafiyata ke nan. Na san a bakin rijiya ana cewa na je ƙasar wasu na zubar da kunya, na kira ɗan fari gaban Baturiya. Sani bai faɗa don sharri ba, ya faɗa cikin ta'aziyya, magana kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Ba Baturiya kaɗai ba, har da Ramatu, har da na'ura. Ku ne kawai ba ku ji ba, ku da kuka zo sunansa kuka ci tuwo ina ɗaki fuska a rufe. Tun daga farkon takardar nan nake kauce masa don na san da baki zan karanta, amma na gaji da kaucewa. Wadda za ta rufe fuska ta rufe.

Sunansa Lawali. Ni na haife shi.